Kwalaben bitamin a gefen gadon mai ciwon daji

Ran da na je gaida gwaggona bayan an yi mata allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, zagaye na biyu, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne faranti a gefen katifarta. Kwalabe shida ne jere, masu murfi kala-kala, kowace da hoton ganye ko na lemo. Can gefe kuma ga kofin kunun gyaɗa ya huce har ya yi fata a sama, ba a taɓa shi ba.

"Gwaggo, kin ci wani abu yau?"

"Ɗan nan, bakin ba daɗi. Amma na sha waɗannan, an ce sun fi abinci."

Wadda ta kawo su maƙwabciya ce mai sana'ar nan ta "ka kawo mutum biyu, su ma su kawo biyu". Ba na zarginta da mugunta, ita ma haka aka karanta mata. Sai dai kuɗin kwalba ɗaya ya isa a sayi ƙwai da kifi da wake na kwanaki, kuma a gidan ana ta haɗa-haɗar kuɗin allura ta gaba.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: mai fama da ƙari ko ciwon daji, abincinsa na cikin kwano. Ƙwayar bitamin magani ce, likita ke rubuta ta idan ya ga wani abu ya yi ƙaranci a jiki. Wanda ya juya wannan tsari ya ɗora wa mara lafiya asara, wani lokacin har da cuta.

Mutane kan ce ai bitamin ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Likitoci ma sun taɓa zaton haka. An lura cewa masu yawan cin ganyaye da kayan lambu ba su cika kamuwa da dajin huhu ba, sai aka ce to a ciro sinadarin da ke sa karas ja, wato beta-karotin, a dunƙula shi a ƙwaya. A ƙasar Finland aka gwada a kan maza masu shan taba kimanin 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka an yi makamancinsa da mutum kusan 18,000, aka haɗa da bitamin A, dole aka tsayar da gwajin a 1996 tun lokacinsa bai cika ba, domin dajin huhu ya ƙaru da kashi 28. Aka sake gwada bitamin E a kan maza fiye da 35,000 da fatan ya kare su daga dajin furostet, wanda mu kan kira dajin mafitsarar maza. A 2011 aka bayyana cewa ya ƙaru da kashi 17. Ba karas ne ya yi laifi ba. An raba abu da 'yan uwansa ne, aka tara shi da yawa, aka ɗura wa jiki kullum shekara da shekaru.

Waɗancan masu lafiya ne ake neman karewa. Wanda ke kan magani lamarinsa ya fi tsauri. Gashin na'ura, wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi, da wasu alluran kemo suna kashe ƙwayoyin daji ne ta hanyar lalata su daga ciki, su kuma bitamin C da E da ire-irensu ana tallar su da cewa suna kare ƙwayoyin jiki daga irin wannan lalacewar. Ƙwayar bitamin ba ta san na gida da baƙo ba. Wani bincike a Amurka kan mata fiye da dubu masu dajin nono ya gano cewa waɗanda ke shan irin waɗannan kafin kemo da lokacinsa, ciwon ya fi dawo musu. Bin diddigi aka yi, don haka bai kai hujja yankakkiya ba, amma ya isa ya sa mai hankali ya dakata. Shi kansa bitamin C da masanin kimiyya Linus Pauling ya yi ta yayatawa a shekarun 1970 cewa maganin daji ne, asibitin Mayo na Amurka ya gwada shi ta baki a kan masu ciwon har sau biyu, a 1979 da 1985, bai tsawaita ran kowa ba.

Akwai inda ƙwayar take zama dole, kuma ba zan ɓoye ba. Wanda aka cire wa tumbi sai an riƙa yi masa allurar B12. Maganin kemo mai suna pemetrexed ba a ba da shi sai tare da folik asid da B12. Matan da ke shan wasu magungunan dajin nono masu raunana ƙashi ana haɗa musu da kalsiyam da bitamin D. Duk waɗannan likitan da ke riƙe da fayil ne ke yanke su, da dalili da adadi. Lambar NAFDAC da mai talla ke nunawa a jikin kwalba kuwa ba shaida ce ta cewa abin yana warkar da daji ba.

Abin da ke kayar da majinyatanmu tun kafin ciwon ya gama da su shi ne rama. Mutum ya zube, jini ya yi ƙasa, ranar allura ta zo a ce jikinsa ba zai ɗauka ba, a ɗaga. Babu ƙwayar bitamin da ke mayar da tsoka. Ƙwai ke yi, da wake, da kifi, da nama mai laushi, da madara. Alhamdu lillahi, kicin ɗinmu bai gaza ba: alale, faten wake da alayyafo, miyar kuka da kifi, miyar taushe da kabewa, kwaɗon zogale, gwanda da gwaiba. In baki ya yi gyambo, a koma kunu mai kauri da madara, kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a yini, maimakon a tasa mutum gaba da malmalar tuwo ana "daure ki ci". Zogalen ma abin miya ne mai albarka, amma masu cewa yana narkar da ƙari sun yi masa ƙarya.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga gona lafiyayye ne. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda ke haddasa dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma shi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gyaɗar kunun mara lafiya a tsince ta, a zubar da mai ɗaci da wadda ta canza launi. Nonon da ba a dafa ba da latas ɗin bakin titi su ma a jingine su a makonnin da kemo ya karya garkuwar jiki.

Ranar komawa asibiti mun zuba kwalaben nan shida a leda muka tafi da su. Likita ta juya kowace ta karanta bayanta, ta tura biyar gefe, ta ce ɗayar ma a dakata sai sakamakon gwajin jini ya fito. Sannan ta ɗago ta ce, "Mama, me kika karya da shi yau?"