Idan Saƙo Ya Zo Daga Wata Duniya, Wa Zai Amsa Da Yawunmu?

Da an ambaci haɗuwa da halittun wata duniya, abin da ke zuwa wa yawancinmu a rai shi ne wani katafaren jirgi ya sauko, ƙofa ta buɗe, mu tsaya muna kallon-kallo da baƙi. Lissafin nisa bai goyi bayan wannan ba. Tauraro mafi kusa da ranarmu shi ne Proxima Centauri, kuma haskensa sai ya yi sama da shekara 4 a hanya kafin ya iso mana, alhali haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, wanda ya fi duk wani abu da hannun ɗan Adam ya ƙera yin nisa, gudunsa bai wuce kilomita 17 a daƙiƙa ba. Da can ya dosa, sai ya haura shekara 70,000 bai isa ba. Don haka in ma haɗuwar za ta yiwu, ta kunne ce: wata sigina ta rediyo ko ta haske da za ta faɗo cikin na'urar masu binciken taurari, wadda ba yadda za a yi a ce halitta marar hankali ce ta haifar da ita.

Ta fuskar kunnen, an ci gaba matuƙa. A 1960, lokacin da masanin taurari Frank Drake ya fara saurare a Green Bank da ke Amurka, faifansa na kama siginar rediyo mai faɗin mita 26 ne, taurari biyu kacal ya saurara. Yau ƙasar Sin na da faifan FAST a lardin Guizhou mai faɗin mita 500, Afirka ta Kudu na da MeerKAT mai faifai 64, ana kuma gina wani wanda ya fi su duka, SKA, tsakanin Afirka ta Kudu da Ostireliya. A 2015 attajirin nan Yuri Milner ya ware dala miliyan 100 domin shirin saurare na shekara goma. A 1995 ne aka fara gano duniyar da ke kewaya wani tauraro irin ranarmu, ga shi yanzu an tabbatar da sama da 5,000. Mun san wuraren da ya kamata mu kasa kunne, abin da magabatan wannan bincike ba su sani ba.

Sai dai jin motsi daban, sanin mai motsin daban. A watan Agustan 1977 wata na'ura a jihar Ohio ta kama sigina mai ƙarfi ta daƙiƙa 72, har masanin da ya gan ta a takarda, Jerry Ehman, ya rubuta kalmar mamaki a gefenta. Ba a sake jin ta ba har yau. A 2019 na'urar Parkes ta Ostireliya ta kama wata da kamar daga wajen Proxima Centauri take, bincike ya ɗauki dogon lokaci kafin a gane hayaniyar kayan lantarkinmu ce ta nan ƙasa. Hayaniyar nan kuwa ƙaruwa take, domin dubban taurarin ɗan Adam da kamfanoni ke harbawa don samar da intanet suna cika sama da ƙara. Ko an kama saƙon gaskiya ma, karanta shi wani babban aiki ne. Rubutun tsoffin mutanen kwarin Indus da wanda ake kira Linear A na tsibirin Crete, 'yan Adam irinmu ne suka yi su, masu ido biyu da hannu biyu, amma har yau ba wanda ya iya karanta su. Ina ga saƙon halittar da ba mu haɗa komai da ita ba?

Duk da haka wannan bai dame ni sosai ba. Na'ura ana inganta ta, masana kuma sun nuna suna da haƙurin tantancewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne: in saƙo ya tabbata, wa ke da hurumin amsawa?

Akwai wata takardar ƙa'idoji da Cibiyar Nazarin Zirga-zirgar Sararin Samaniya ta Duniya ta amince da ita a 1989, aka yi mata gyara a 2010. Ta ce wanda ya gano sigina ya tantance ta tare da sauran masana, ya bayyana wa duniya ba ɓoye-ɓoye, kuma kada a mayar da amsa sai an yi shawara tsakanin ƙasashe. Magana ce mai kyau, amma yarjejeniyar mutunci ce kawai tsakanin masana. Ba doka ba ce, ba gwamnatin da ta ɗaure kanta da ita, ba hukunci ga wanda ya saɓa. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana ɗora makaman ƙare dangi a sama, ta hana kowace ƙasa mallake duniyar wata ko wata duniyar daban, amma ba ta ce uffan kan wanda zai yi magana da sunan ɗan Adam ba.

Kuma tuni an fara maganar. A 1974 an aika saƙo mai ɗigo 1,679 daga faifan Arecibo na Puerto Rico zuwa wani gungun taurari da ke nisan shekarun haske kusan 25,000, wato nisan da haske zai yi waɗannan shekarun kafin ya ci. A 1999 da 2003 an aika wasu daga Yevpatoria a yankin Crimea zuwa taurarin da suka fi wancan gungun kusa. A 2017 an aika wani daga Norway zuwa tauraron Luyten, mai nisan shekarun haske 12 da ɗoriya, wanda amsarsa, in akwai mai amsawa, za ta iya iske mutanen da ke raye yanzu. Wa aka tambaya? Mutum sama da biliyan 8 ne a doron ƙasa, amma duk wanda ke da babban faifai da kuɗin wuta yana iya nuna wa baƙon da ba a san halinsa ba ƙofar gidanmu duka. Ni a ganina wannan rashin adalci ne tsagwaronsa, ko da baƙin mutanen kirki ne.

A 2010 masanin kimiyya Stephen Hawking ya yi gargaɗin cewa zuwan baƙin zai iya zama kamar isar Columbus nahiyar Amurka, wadda ba ta yi wa 'yan asalin wurin daɗi ba. Masu son a yi ta aika saƙo suna amsa masa da cewa ai shekaru da dama rediyonmu da talabijin da na'urorin hango jirage suna yoyo zuwa sama, wanda ya isa ya cutar da mu ya riga ya ji mu. Hujjar na da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma yoyon nan raunana yake yi yana bajewa da nisa, ba ɗaya yake da saƙon da aka tattara ƙarfi aka auna wani tauraro da shi da gangan ba. Ko da hatsarin ƙarami ne, na kowa ne, shawarar ɗaukarsa ma ta kowa ce. Al'ummun da suka ɗanɗani zuwan baƙo mai fifikon makami da fasaha sun fi kowa sanin yadda irin wannan haɗuwa ke ƙarewa, ga shi su ne ba su da faifan, su ne ba a gayyata teburin.

Wasu na fargabar addini ne zai girgiza. Ban ga alama ba. Aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci halittu masu motsi da Allah ya watsa a cikin sammai da ƙasa, malamai kuma sun daɗe suna tattauna ta. A 2008 shugaban cibiyar binciken taurari ta fadar Vatican, José Funes, ya ce yarda da samuwar wasu halittu ba ta saɓa wa imani ba.

Inda za mu girgiza shi ne wajen gaskiya da ƙarya. Mun ga abin da ya faru lokacin korona: cuta ce da ake ganin gawarwakinta, amma jita-jita ta riga magani isa gidaje. Labarin siginar Parkes ma jarida ce ta fasa shi a ƙarshen 2020, masu binciken ba su gama aikinsu ba. A 2025, da wasu masana na jami'ar Cambridge suka ce na'urar hangen nesa ta Webb da ke sararin samaniya ta nuna alamar wani sinadari a iskar duniyar K2-18b wanda a nan duniyarmu halittun teku ke samar da shi, kanun labarai sun kusa cewa an gano rai, alhali sauran masana na ta jayayya kan ko sinadarin ma yana nan. Tantance sigina na iya cin watanni. Bidiyon bogi na ƙirƙirarriyar basira kuwa minti nawa zai ci? A cikin watannin nan 'yan damfara za su fito, masu da'awar fassara saƙon za su fito, manyan ƙasashen da ba su yarda da juna ba kowace za ta zargi 'yar uwarta da ɓoye wani abu. Ba mamaki wata ta ɓoye ɗin da gaske, in sojojinta suka ga kamar akwai ilimin da zai ba su fifiko.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya na da kwamitin amfani da sararin samaniya cikin lumana, da ofishi a Vienna, can ya kamata a mayar da ƙa'idojin masanan nan yarjejeniyar da ƙasashe za su sa wa hannu: duk bayanan sigina a buɗe su ga kowa, a kare mitar da ta zo a kai daga hayaniya, kuma kada kowa ya amsa sai an cimma matsaya da ta haɗa da ƙasashen da ba su da kumbo ko faifai. Masu cewa shawara za ta ja lokaci su sake duba lissafin. In saƙon ya fito daga tauraro mai nisan shekarun haske 100, ya yi ƙarni guda a hanya, amsarmu ma sai ta yi wani ƙarnin kafin ta isa. Shekara goma ta muhawara ba za ta rage wa masu jiran amsar komai ba.