Ranar da na turara surukata da barkono

Tun farko dai laifin marigayi Kawu ne, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai iya yar da komai ba. Da aka zo rabon tarkacen ɗakinsa a Zariya, wani ya tafi da rediyo, wani da keke, ni kuma aka turo mini kwali guda cike da gwangwanayen tabar lofe. Wanda ya san Kawu ya san lofen nan. A aikin reluwe ya koyo shi wajen Turawa, ya ajiye shi bayan ya sauke farali, amma gwangwanayen ya ƙi rabuwa da su. Na ƙirga, guda 23.

Yawancinsu Erinmore ne, masu ruwan ɗorawa da ɗan hoton abarba a murfi, waɗanda ake yi a Belfast a wancan zamani, sai 'yan St Bruno kaɗan. Ba su fi tafin hannu ba. A cikin murfin akwai siririyar roba da ke hana iska shiga, shi ya sa idan ya kama sai an sa kuɗin ƙarfe an murɗa kafin ya saki. A cikin ɗaya na tarar da sulen da Kawu ke buɗe su da shi, mai kan Sarauniya, irin wanda aka daina kashewa da zuwan naira a 1973, gefensa duk ya lotse.

Nan da nan na zama mai wa'azin gwangwani. Wannan na ƙusoshi, wancan na allura da maɓallai, ɗaya na tsofaffin layukan waya, ɗaya na irin alayyafo. Warin tabar ne kawai ya gagare ni: na wanke da toka, na goga lemun tsami, na shanya a rana kwana uku, yana nan daram. Akwai kuma guda ɗaya da uwargida ba ta san da shi ba. Kun san likita ya hana ni yaji saboda gyambon ciki, ita kuma ta mayar da kanta 'yar sandan miya. To a ciki nake ɓoye garin barkono zalla, don ranar da na ratse wajen mai tsire.

Sai Hajiya ta dawo daga Umra. Na sa wani abokin aikina ya taho mini da turaren wuta daga Maiduguri, mai kyau, aka kawo shi a leda. Na ce leda ba ta dace da suruka ba, na juye shi a Erinmore. Gwangwani biyu iri ɗaya, aljihun tebur ɗaya, ga uwargida tana ta "ka yi sauri". Kun ga inda aka dosa.

Mun isa bayan magariba, an ɗauke wuta, falo cike da mata 'yan barka da dawowa, fitilar caji guda a kan talabijin. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

"Hajiya, barka da dawowa. Allah ya karɓi ibada."

"Amin, ɗan nan. Ya iyali? Allah ya yi albarka."

Mai hankali a nan zai miƙa wa matarsa abin da ya kawo, ya ja da baya ya koma zaure wajen maza. Ni sai bakina ya ci gaba da aiki. Na ce ga ɗan turare, ba yawa, na Barno ne. Har da ƙarin bayanin cewa gwangwanin ba ya barin ƙamshi ya fita.

Daga can kusurwa sai na ji muryar Goggo. "Miƙo mu gani. Wannan ba gwangwanin taba ba ne?"

Hajiya, don ta rufa mini asiri, ta ce a bar shi a hannuna, a kawo kasko kowa ya ji ƙamshin. Autan gidan ya shigo da kasko, garwashi ja-jawur, ya dire shi a gabana yana murmushin da har yau ban yafe masa ba.

Murfi ya ce bai san zance ba. Na sa farce, farcen ya karye. Na laluba aljihu, sulen Kawu yana gida. Na tambaya a hankali ko akwai mai kuɗin ƙarfe, falo ya kwashe da dariya, wata ta ce rabonta da ganin kwabo tun tana budurwa. Na zaro makullin babur. Ina murɗawa, gumi yana bin bayana, mata wajen goma sha biyar sun yi shiru suna kallon surukin gida yana kokawa da gwangwani. Don in sami haske sai na matso da shi daidai kan kaskon, tunda garwashin ya fi fitilar haskawa. Na danna da ƙarfi.

Fau!

Murfin ya yi nasa wuri, gwangwanin ya kife, abin da ke ciki gaba ɗaya ya zube a kan wuta. Na ga launinsa yana sauka. Ja ne. Wallahi a ɗan taƙin nan na gama fahimtar komai, har na hango inda ainihin turaren yake kwance a aljihun tebur, amma bakina ya kasa cewa a gudu. Wata baiwar Allah ma har ta matso da mayafinta ta buɗe shi a kan hayaƙin, tana cewa "Masha Allah, bari mu fara ɗana."

Ita ta fara tari. Daga nan sai falon ya rikice kamar an jefa barkonon tsohuwa. Mai atishawa na yi, mai salati na yi, wata ta suri jariri ta yi waje, ashe ba nata ba ne. Aka yi karo a ƙofa, ni kuwa a ƙofar nake durƙushe, don haka duk wadda za ta fita sai ta bi ta kaina. An taka mini yatsu, an ture mini hula ta faɗa gefen kasko. Ni ne mafi kusa da wutar, hawaye da majina sun haɗu a gemuna, amma kunya ta hana ni tashi, don a ganina bai kamata suruki ya riga surukarsa gudu ba. Hajiya tana tari tana dafe da ƙirji tana cewa "ba komai, ba komai, ɗan nan," kowane "ba komai" sai tari ya raba shi biyu. Ruwan zamzam da ta ɗauko tun daga Makka don a riƙa ɗanɗana wa baƙi a ɗan kofi, da shi aka wanke idanu a tsakar gida. Har maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga yana tambaya ko aljanun wata ne suka tashi ake yi musu hayaƙi.

Auta ne ya fitar da kaskon, yana dariya har yana tuntuɓe.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai kamar Goggo ba. Matar nan ko tari ɗaya ba ta yi ba. Tana tsaye a tsakar gida, gwangwanin a hannunta, tana shinshina shi tana nuna wa mutane. "Ba na faɗa ba? Taba yake sha. Ku ji warin." Wannan fa ita ce wadda lokacin lefe ta zauna ta warware atamfofi ɗaya bayan ɗaya tana auna su da hannu, ta ce biyu ba su cika yadi shida ba. Ita ce ranar sunan ɗanmu na fari ta ce ragon ya yi kama da wanda ya tashi daga jinya. Shekara tara ke nan ina gaishe ta har ƙasa, ina kai mata goro duk sallah, ba ta taɓa kiran sunana ba sai "mijin wance". Kuma abin haushin, duk gidan an san haƙoranta ba da goro kaɗai suka rine ba, fure take gogawa, furen taba, tun kafin a haife ni. Ita ce yau mai yi mini shaidar shan taba. Na so in faɗi haka. Na buɗe baki, atishawa ta fito.

A kan babur uwargida ba ta ce uffan ba har muka wuce shataletale. Sannan ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ni ba maganar Goggo ce ta dame ni ba. Barkonon na wane ne?" Na ce iska ta yi yawa, ba na jin ta.

Washegari na aika da turaren na gaskiya, a leda. Hajiya ta aiko da godiya da dabino, sai dai an ce ta sa an fara gwada shi a waje, bakin rariya, kowa ya ja baya. Wai yana da ƙamshi, amma akwai ɗan warin taba.

Gwangwanin kuwa bai dawo ba. Jiya Auta ya zo, wai Goggo ta ce goro ba ya bushewa a cikinsa, in akwai wani in ba da, kuma in haɗa da abin buɗewa. Na ba shi St Bruno guda, mai tsatsa. Sulen dai na ce ya ɓata.