Ku daina kiran yaran nan Lukuti, gyaran ƙiba aikin gida ne gaba ɗaya

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa na Garwa da Marwa da Ngaundare, musamman ku yayye da kawunnai da gwaggonni da kuke gida ɗaya da ƙananan yara, da ku da kuka yi aure kwanan nan kuka fara tara iyali. Maganata yau a kan yaran nan ne masu ƙiba, waɗanda mun riga mun raɗa musu suna na biyu, Lukuti ko Tulu ko Buhu, har baƙo sai ya zo gidan ya kwana ya tafi bai ji sunan yankan yaron ba.

Na san za ku ce wasa ne. Wasa ne a wajenka kai mai shekara ashirin da biyar, shi mai shekara tara ba haka yake ɗaukarsa ba, yana dariya ne kawai don in ya yi kuka a ƙara masa da rago. Kuma mu da muka yi allo mun san aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ban ga inda aka ce ban da ƙanenka ba.

Mu a arewa da tsoron rama muka taso, gaskiya ne, don tamowa har yanzu tana cin yara a ƙauyukan jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, shi ya sa kaka in ta ga jikanta ɓul-ɓul sai ta ce masha Allah yaro ya samu uwa. Yana shekara biyu ana ɗura masa ana yabo, ya kai tara kuma mutanen nan dai da suka ɗura masa su ne ke masa dariya. Toh shi laifinsa a ina yake? Ba shi ke cefane ba, ba shi ya cika firigo da jus ba, ba shi ya ce a ɗauke shi a moto zuwa lekol, wato makarantar boko, da ke bayan layi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, zuwa 2022 sun kai kashi 20, sama da yara miliyan 390 ke nan, miliyan 160 daga ciki ƙibar tasu ta kai ta cuta. Ai ba yaran duniya ne suka tashi rana ɗaya suka zama makwaɗaita ba, abin da ake ajiye musu a gaba ne ya canza.

Yanzu ga inda muke ɓata abin ko da niyyarmu mai kyau ce. An kai yarinya asibiti, likita ya ce a kula da cinta. An dawo gida. Da magariba an shimfiɗa tabarma, an kawo tuwon masara da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, kowa ya sa hannu a kwano ɗaya, ita kuma an ware mata ɗan kwanonta a gefe da malmala rabi. Yayanta ya buɗe Top mai sanyi yana sha a gabanta, in ta kalle shi ya ce ke an hana ki. Baban yana cewa saura ki saci benye, wato fanke, gobe. Wallahi yarinyar nan ba cin abinci mai kyau take koya ba, abin da take koya shi ne ita daban ce a gidan ubanta, kuma gobe za ta sayi benyen da kuɗin tararta ta ci a bayan aji a ɓoye, da sauri, tana goge baki.

Akwai wani mai bincike a Amurka, Leonard Epstein, da ya bi yara masu ƙiba 'yan shekara 6 zuwa 12 har tsawon shekara goma, ya fitar da sakamakon a 1990. Yaran da aka haɗa da iyayensu, wato uwa ko uba su ma suka canza nasu cin da nasu motsin, su ne bayan shekara goman suka fi waɗanda ba a haɗa iyayensu haka ba samun raguwar ƙiba. Tsarin abincin nasa ma mai sauƙi ne, ya bi launukan danjar titi, kore a ci sosai, rawaya a ci da lissafi, ja sai jefi-jefi. A wajenmu koren nan ai ba tsada gare shi ba, zogale ne da yakuwa da kuɓewa da tumatir da kabeji, jan kuma jus ne da alewa da kayan suya na kullum-kullum. Amma tukunya ɗaya za a yi wa kowa, har da mai gida.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciyar yaron, don ita ce ba a aunawa a sikeli. A 2003 likitoci a San Diyego sun tambayi yara masu ƙiba sosai yadda suke jin rayuwarsu, wasa da makaranta da zama da abokai, makin da suka samu ya yi kusan ɗaya da na yaran da ke fama da ciwon daji. Wani binciken kuma da ya fito a 2014 ya bi 'yan mata tun suna shekara 10, waɗanda aka riƙa ce musu kin cika ƙiba sun fi zama masu ƙiba a shekara 19, ko da an yi la'akari da nauyin da suka fara da shi, kuma abin ya fi ƙarfi in daga bakin 'yan gida maganar ta fito. Ka ga ke nan gorin da kake cewa kana yi ne don ta ji haushi ta rage, ƙara mata yake yi. Magana zarar bunu ce.

Wasu iyayen kuma sun koma ɗaya gefen, suna tsoron in an taɓa maganar kwata-kwata yaron zai shiga damuwa. Masu bincike a Sidni ta Ostareliya sun tattara nazarce-nazarce da yawa a 2019, suka ga shirin rage ƙiba da ma'aikatan lafiya ke jagoranta a tsanake yawanci rage wa yara baƙin ciki yake yi, bai kuma ƙara musu rikicin cin abinci ba. Yaro yana son a taimake shi, tozarci ne ba ya so. Sannan ku sani sarai nauyi yakan sauka ya ɗan dawo, balaga ma na zuwa da nata, kar ranar da ya dawo ku ce mun yi asarar kuɗinmu a kanka. Yaron da har yanzu yake fita ƙwallo, yake ɗaga hannu a aji, bai fara ƙirƙiro ciwon ciki ranar wasan motsa jiki ba don kar a gan shi yana gudu, shirin ya yi aiki a kansa ko sikeli bai motsa sosai ba.

Kai da kake yaya kana da aikin da likita ba zai iya ba. Ana so yaro ya samu awa ɗaya ta motsa jiki kowace rana, kuma duk mun san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ba mai hankalin da zai tura yaro fili da azahar. Toh bayan la'asar fa, ko da asuba kafin lekol? Ajiye wayar nan, ɗauke shi ku taka, in kuna buga ƙwallo a unguwa ku daina jefa shi gola kullum don wai ya cika raga, ku ba shi pas ya yi gudu, in ya gaji ya huta ba tare da an yi masa ihu ba. 'Yan mata ma haka, tsallen igiya da gaɗa a tsakar gida duk motsi ne. In za a rage jus a rage wa kowa, gwangwanin Coca-Cola ɗaya na santilita 33 kusan giram 35 na sukari ne a ciki, folere da kunun gyaɗa na gida ma a sassauta musu hannu wajen zuba sukari. Kuma kar a ce masa don ka rame muke yi, a ce gidan nan mun canza ne don kowa ya samu lafiya, da ma ai hawan jini da ciwon suga ba su bar manyan ba.

Don Allah kuma ku rabu da shayin rage teɓa da ake talla a WhatsApp, yawancinsu zawo kawai suke sawa, ba abin ba yaro ba ne. Abin dariya ma a gida ɗayan za ka samu yayar mai ƙibar na haɗiyar sha-ka-fashe don an ce ta cika rama ba za ta samu miji ba. Bakinmu dai bai bar kowa ba.

Sai abu ɗaya da iyaye mata ke yawan kuskurewa. In kun ga bayan wuyan yaro ko hammatarsa ya yi baƙi da kauri kamar datti, ku daina dirje shi da soso kuna ce masa ƙazami, sau da yawa alama ce jikinsa ya fara gardama da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a kai shi a auna masa suga. Haka in yana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, yana gyangyaɗi a aji, ko ya daina shiga cikin yara ya koma ɗaki shi kaɗai. Ku je tare da shi, uwa da uba in da hali, kuma tun kafin a shiga ku roƙi likita ko nas a auna shi a keɓe, kar a faɗi kilonsa da ƙarfi a gaban layin mutane.