Ga Masu Haura Mota Kan Hanyar Masu Tafiya A Ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa. Jiya da yamma na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Wani dattijo makaho yana tafe a kan daɓen gefen titi, wanda aka yi domin masu tafiya a ƙasa, yana kaɗa farar sandarsa dama da hagu. Can sai sandar ta daki ƙarfe. Ashe mota ce wani ya haura da ita kan daɓen, ya kulle ya tafi sabgarsa. Dattijon ya shafa bayanta da hannu, ya gwada ta wajen katanga, ko yaro ba zai iya kutsawa ba. Dole ya sauko kwalta. Saukowarsa ke da wuya wani mai babur ya taho a guje, ya danna masa hon, ya kauce da ƙyar, har da waiwayowa yana zagi. Ana cikin haka mai motar ya fito, saurayi ne sa'an jikan dattijon, waya a kunne. Da aka yi masa magana, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ai minti biyu na yi."

Minti biyu! Wallahi wannan maganar ta fi komai ɓata mini rai, domin kowa ita yake faɗa. Mai zuwa cire kuɗi minti biyu, mai sayen kati minti biyu, mai tsayawa gaisawa da aboki minti biyu. Idan wannan ya janye wani ya maye gurbinsa, daga safe har dare hanyar a toshe take, kuma kowannensu yana ganin bai yi laifin komai ba.

Ku tsaya ku fahimci abin da kuke jawowa. Makaho da ƙwaƙwalwa yake tafiya. Ya haddace hanyarsa: nan bakin daɓe yake, nan katanga take, ƙarar motoci tana hannun dama. Da ka tare shi da mota ka warware masa lissafin gaba ɗaya. Bai san tsawon motarka ba, bai san ko akwai wata a gabanta ba, bai san inda zai koma ya hau ba. Sandar ma abin da ke ƙasa da ƙugu take tsinta. Madubin babbar mota da ya leƙo, ko ƙofar baya da aka ɗage aka bari, sandar za ta wuce ta ƙarƙashinsu, sai dai ya ji su a ƙirji ko a goshi.

Mai keken guragu kuwa nasa ya fi muni. Kai da ƙafafunka za ka ɗan sauka ka zagaya ka sake hawa, ba ka ma lura ka yi ba. Shi ba zai iya dirowa daga tudun daɓe ba sai kekensa ya kife. Sai ya juya baya, ya koma neman gangarar da aka yi don irinsa. To ina gangarar? Wani ya yi fakin daidai a kanta, saboda ta nan mota ta fi saurin hawa. Wurin da aka sassaƙa don gurgu ya samu sauƙi, shi mai lafiya ya mayar ƙofar garejinsa. In ma ya samu ya sauka titi, a zaune yake, kansa bai kai tsayin da direban babbar mota zai hango ba. Kurma kuma, kana ta danna hon kana kumfar baki, shi bai san kana yi ba. Mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, in ji Hausawa, amma mu yanzu muna ganin makahon ma godiyar ba ta zuwa, sai tsaki.

Kada wani ya ce mutum nawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da wata babbar nakasa, kusan mutum ɗaya cikin shida ke nan. Ita dai hukumar ta ce hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Waɗanda suka tsira da rai fa, nawa ne suka tashi da sanda ko keken guragu? Kai da kake tuƙi yau, birki ɗaya ne tsakaninka da wannan keken. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Cikin wannan kake tura bawan Allah don ka ƙi tafiyar taku ashirin.

Ga kuma wayar nan da ta zame mana bala'i. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana rubuta saƙo, ido a ƙasa. In abu ya faru kuma, maimakon a ruga a ɗaga mutum, kowa ya zaro tasa yana ɗaukar bidiyo don ya riga kowa sakawa. Mutum yana kwance yana neman sandarsa da hannu, ku kuna neman wanda zai danna muku alamar so. Wace irin zuciya ce wannan?

Na san ba masu mota kaɗai ba ne. Mai gini ya juye yashi da bulo a kan daɓe ya bar su wata da watanni. Mai shago ya baje kayansa har bakin kwalta. An cire murfin lambatu an bar rami a buɗe. Duk suna da nasu kason. Amma mai fakin ya fi ba ni haushi, domin shi yana da zaɓi a hannunsa, sitiyari kawai zai murɗa, kuma yawanci mai ilimi ne, ya san abin da yake yi.

Ku dubi abin da wani ya yi saboda makaho. Wani ɗan ƙasar Japan mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro tubalan daɓe masu tudu-tudu a 1965, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967, kusa da wata makarantar makafi. Masu dogayen layuka suna nuna wa ƙafa da sanda cewa a miƙe, masu ɗigo-ɗigo suna cewa a dakata, akwai tsallaka ko matakala a gaba. Yau suna ƙasashe da yawa. Mutum ya ɓata lokacinsa da dukiyarsa ya yi wannan, wani kuma ya zo ya ɗora tayarsa a kai bai ma san mene ne ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa tun 2006, sashe na 9 ya ambaci hanyoyi ƙarara. Hukumomi su yi nasu, su gyara, su hukunta. Amma takarda ba ta janye mota daga kan daɓe, mai motar ne zai janye.

Mu da aka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, yaya muka koma mu ne masu ajiye cutarwar? Saboda makaho guda, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa. Muna karanta ta a salla, mu fito mu tare wa makaho hanya. Minti biyu. Ku ji tsoron Allah. In ba wuri, ka ƙara gaba, tafiya ba ta kashe mai ƙafa. In ka ga mai sanda a bakin titi ka taka birki. In za ka taimaka ka yi sallama ka tambaya tukuna, kada ka fizgi hannunsa, kada kuma ka miƙa masa sadaka alhali shi tsallakawa yake nema zuwa wurin aikinsa.

Da can ba sai an rubuta irin wannan ba. Yaro in ya hango makaho a bakin hanya, ajiye wasansa yake yi ya ruga ya tsallakar da shi, ya dawo da albarkar da aka sa masa yana murna. In bai yi ba, duk babban da ya gani zai kwaɓe shi, ko ba ɗansa ba ne, uban kuma ya gode. Direba yana jin kunyar a ce shi ne ya razana tsoho. Ba su da motoci masu kyamara a baya, ba su da digiri, amma suna da ta-ido. Yanzu wa zai kwaɓi wa? Ka yi wa yaro magana ya kalle ka sama da ƙasa. Uban da ya kamata ya koya masa, shi ne ya haura da motarsa kan daɓe a ƙofar makaranta yana jiran a tashi, yaron ya fito ya buɗe ƙofa ya shiga, gobe kuma a ba shi makulli.