Daren da batir ya kwance mini zani a kasuwa

Duk wanda ya tashi a Kano cikin ɗauke wuta da kawo wuta yana yi wa kansa kallon malamin batir. Da wannan taƙamar na ɗaura tsohuwar tirelar kwana a bayan mota, wato ɗakin nan mai taya da ke da gado da murhu da banɗaki, na kwashi uwargida da yara biyu muka nufi arewacin jihar Minnesota, bakin tafkin Superior, a farkon Nuwamba. A sansanin akwai filin da ke da soket na wuta, akwai wanda babu. Na zaɓi wanda babu, don ya fi araha.

Lissafina mai sauƙi ne. Hitar tirelar da gas take aiki, ga tukwane biyu cike, kowace kusan kilo 9. Batir kuwa mai ruwa ne, bolt 12, an rubuta masa amfiya 100, wato zai iya ba da amfiya ɗaya har na awa 100, yana cikin akwatin roba a waje, kan ƙarfen da ake ɗaura wa mota. Na ce aikinsa fitila da cajin waya, zai kai mu kwana uku har da canji.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan 100 ɗin lissafin lokacin ɗumi ne, wajen digiri 25. Idan sanyi ya kai sifili, batir mai ruwa yakan ba da kusan kashi 80 na ƙarfinsa, a digiri 18 ƙasa da sifili kuwa rabi kawai. Daren nan mun kwana a 8 ƙasa da sifili, a ce 70 ke nan. Kuma ƙa'idarsa ba a shan fiye da rabi in ana son ya yi ƙarko. Abin da ke hannuna na halal bai wuce 35 ba, ni kuwa ina yawo da 100 a ka. Ƙari a kan haka, tirelar ta yi mako biyu a ajiye, na'urar shinshinar gas da allon firji suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan dare da rana, ban cire kan batir ba.

Bayan isha'i na jona butar lantarki a inbata don shayi. Butar mai wat 1,000 ce, wanda a bolt 12 yake nufin amfiya kusan 90. Sau biyu aka dafa, minti shida-shida, 18 suka tafi a kan shayi, alhali ga murhun gas a gefe yana kallona. Hitar kuwa, gas ne ke ba da zafin, amma fankar da ke tura shi ta batir ce, amfiya 7 take ci. Tana tashi tana tsayawa, rabin lokaci a kunne. Daga bakwai na yamma zuwa ukun dare, 28 ke nan.

Ƙarfe uku daidai na'urar gas ta fara ƙyat, ƙyat, kukan da take yi in wuta ta yi ƙasa. Fanka na juyawa a kasalance tana hura mana iska mai sanyin ƙanƙara. Uwargida ta leƙo daga bargo, hanci kaɗai ake gani.

"Maigida, hita ka saya mana ko fanka?"

"Ki kwantar da hankalinki, ɗan gyara ne."

Ba gyara ba ne. A cikin hitar akwai wani siririn faifai da iskar fanka ke turawa, sai ya motsa ake sakin gas a kunna wuta. Fanka ta yi rauni, faifai bai motsa ba, gas ya ƙi fitowa. An yi shi ne don kada wuta ta kama babu iskar da za ta kwashe zafi. Na sa mita a batir, ta nuna bolt 10.6. Tukwane cike da gas, mu cike da sanyi.

Na kalli murhu, na ce a kunna mu ji ɗumi. Uwargida ta ce ba da ita ba, kuma ta fi ni gaskiya: murhu a rufaffen ɗaki yana tara hayaƙin nan mara wari da ke kashe mutum cikin barci. Sai na fita da jallabiya da safa biyu, na tada mota, na jona igiyar nan mai baki bakwai da ke kai wutar mota zuwa tirela. Hita ta kama. Amma wayar caji ta wannan igiya siririya ce kuma doguwa, abin da ke isa bai wuce amfiya 5 zuwa 10 ba, fanka ta cinye kusan duka. Bututun hayaƙin mota kuma tirela yake fuskanta, ba abin da za a bari a koma barci ba ne. Awa ɗaya da rabi na yi gadi, haƙorana na kiɗan kalangu, na kashe. Kafin asuba mun koma gidan jiya.

Da safe na shimfiɗa sola mai wat 100 a ƙasa, ƙarƙashin itatuwa, raɓa ta daskare a kanta. A rana mai kyau tana ba da amfiya 5 zuwa 6. Ta ba ni ɗaya. Wani dattijon Bature da ke filin kusa ya zo ya goge ta, ya ja ta fili, ya jingine ta a tsaye-tsaye tana kallon kudu, don ranar hunturu ƙasa-ƙasa take bi. Nan take ta haura uku.

Kafin ya ara mini janareta sai da ya buɗe ramukan batir ya haska. Cikakken batir ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce 50 ƙasa da sifili, amma wanda ya mutu ruwansa ya kusa komawa ruwan sha, tun daga wajen 7 ƙasa da sifili yake iya zama ƙanƙara. In an ga ƙanƙara ko cikinsa ya kumbura, ba a yi masa caji sai ya narke a ɗaki, in ba haka ba yana iya fashewa. Nawa Allah Ya rufa asiri. Ya kuma hana ni amfani da cajar tirelar, tsohuwa ce mai tsayawa a bolt 13.6, sai ta yini ba ta cika shi ba. Tasa tana kai 14.4, tana ƙarawa in ta ji batir da sanyi. Muka ajiye janareta nesa da taga, awa biyar yana ruri.

Don in farfaɗo da mutuncina na ce ina komawa gida batirin litiyam zan saya. Dattijo ya yi dariya har da tari. Litiyam yana ba da wuta cikin sanyi, ana shan kusan dukansa, amma ba a yi masa caji ƙasa da sifili, yana lalata shi, shi ya sa masu kyau suke rufe ƙofar caji da kansu. Sai dai a sa shi cikin ɗaki ƙarƙashin gado, ko a sayi mai ɗumama kansa.

Dare na biyu na saukar da hita zuwa digiri 13, na kashe inbata, shayi a murhu, kowa da hula da bargo biyu. Da asuba na bar batir ya huta rabin awa ba komai a kansa, na auna: 12.2, rabi cif. Na ɗaga mita ina nuna wa uwargida, ba ta ko kalle ni ba. Tana kan waya da yayarta ta Kano, ta kai daidai wurin jallabiya da safa biyu.