Ina gidan tarihin fataken Kano?

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kullum cewa muke Kano cibiyar kasuwanci ce, to ina gida ɗaya tak na wani tsohon attajiri da za ka kai yaro ya ga yadda fatauci yake?

Ba wai na raina Gidan Makama ba ne, wallahi ina son wurin. Ginin ƙarni na 15 ne, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau gado a 1463, akwai tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903. Amma labarin sarauta ya fi yawa a ciki. Alhali Rumfan nan shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma Barth, Bajamushen matafiyin nan da ya zo 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Su wa suka kai su? Fatake ne, da madugu da jagaba da jakuna, a tafi Gwanja da kanwa a dawo da goro, wata da watanni a hanya.

Ku duba Bergen ta ƙasar Norway. Gidajen katako na 'yan kasuwar Jamus da suka kafa sansani can wajen 1360 suna sayen busasshen kifi, irin wanda har yau ake kawowa Najeriya, gobarar 1702 ta cinye su aka sake ginawa a tsarin da, ɗaya daga ciki aka mai da shi gidan tarihi tun 1872, har gadajen yaran shago an bar su yadda suke.

Mu kuwa gidajen ƙasa na cikin birni, wajen Alfindiki da Koki da kewayen Kurmi, kowace damina sai wani soro ya zube, in an raba gado kuma a sayar a yi shaguna da bulo. Ban ga laifin magada ba, yaɓe da makuba da azara kuɗi ne. Amma zuriyar attajiran nan suna raye kuma Allah ya hore musu. A sayi gida ɗaya mana, a gyara zauren da fatoma, wato mai masaukin fatake, ke sauke baƙi da ɗakin ajiyar kaya, a kawo kuɗin wuri da huhun goro da turkuɗi da takardun bashi na ajami, a naɗi muryar dattawan da suka ji labarin ayari daga bakin kakanninsu tun suna da rai.