Tun 1846 suke da tasha, mu a Maraɗi har yanzu jira muke

Wani dattijo Bafaranshe da muke aiki wuri ɗaya ya tambaye ni, muna tsaye muna jiran jirgi a tashar Saint-Denis, a wace shekara aka gina tashar jirgin ƙasa ta garinmu, bayan ya gama yi mini alfahari da cewa tasu tun 1846 take aiki. Na ce masa Maraɗi ba ta da tashar jirgi, kuma ba ta taɓa samu ba. Ya ɗaga gira kawai, ya koma kan wayarsa, amma shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Tashar tana arewa da birnin Paris, a bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa, kuma an buɗe ta ne tare da layin dogon da ya haɗa Paris da Lille. Yau jiragen RER D da na layin H ne suke tsayawa a nan, kuma kafin minti goma su cika mutum ya isa Gare du Nord, babbar tashar jirgi a cikin Paris. A ƙofarta akwai ƙananan jiragen da ke bin tsakiyar titi, ɗaya tun 1992, ɗayan tun 2014. Ba ka shiga sai ka ɗora katin Navigo a kan na'ura ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe maka kai kaɗai ta sake rufewa, kuma doka ta ɗora wa wanda kake yi wa aiki biyan rabin kuɗin katin. Bisa kan fasinjoji akwai alluna masu nuna sunan kowace tasha da mintunan da suka rage, ga lasifika tana maimaita abin da allo ya riga ya faɗa. A waje kuwa, da yamma, 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma suna gasa masara da tsire a kan amalanken kanti, ido ɗaya a kan wuta, ɗaya a kan hanyar da 'yan sanda suke ɓullowa.

Ba zan ƙi gaskiya ba, tsarin yana da kyau. Jirgi ba ya jiran mai kuɗi, ba a ajiye wa Alhaji kujerar gaba, kuma babu ɗan kamashon da zai rantse maka cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi alhali rabin waɗanda ke ciki ba matafiya ba ne. Sai dai wanda ya shiga jirgin asuba zai ga ko su wa ke cika taragun: masu shara, masu gadi, leburorin gini, yawancinsu baƙaƙe da Larabawa, kowa ya jingina kai da taga, babu sallama balle tambayar gida. A tashar motarmu, kafin mota ta cika an san garin da kowa ya nufa da abin da zai kai shi, an saya wa yaron wata ƙosai, an ba direba saƙo ba tare da takarda ba, kuma saƙon ya isa.

Abin da ya kamata dattijon ya sani shi ne ƙasarsa ce ta mulki Nijar har zuwa 1960, ta tafi ba ta bar ko taku ɗaya na dogo ba. Layin da suka faro daga Kwatano ya tsaya a Parakou ta ƙasar Benin a 1936, bai ƙetaro ba. Turawan Ingila sun kai nasu Kano a 1911, Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duka a bakin ƙofarmu, kuma babu wanda aka shimfiɗa don talaka ya je aiki da safe ya dawo da yamma, an yi su ne don gyaɗa da auduga da fatu su isa bakin teku. Gyaɗar Maraɗi ta daɗe tana bi ta Kano, kafin a shekarun 1950 a karkatar da ita a manyan motoci zuwa Parakou. Dogon Yamai zuwa Dosso da aka ƙaddamar a 2016 bayan 'yancin kai aka yi shi, ba a zamanin Nasara ba, kuma har yau bai zama hanyar matafiya ba. Wannan kam babu wanda za mu ɗora wa sai kanmu.

Shi ya sa nake bin labarin layin Kano zuwa Maraɗi da ɗoki da kuma fargaba. An aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, tsawonsa kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk lokacin da aka yi maganarsa, kaya ake ambata, da tashar ruwan Legas, da ribar 'yan kasuwa. Ba na raina wannan, domin kasuwanci ne ya ɗaga Maraɗi. Amma garin da sarkinsa har gobe ake kira Sarkin Katsina ba kaya kaɗai yake aikawa kudu ba. Gidaje ƙalilan ne ba su da gwaggo ko suruki a Jibiya ko Katsina, kuma mun ga yadda rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, ya sa tsofaffi hawa kabu-kabu ta cikin gonaki don zuwa ta'aziyya.

Abin da nake so in gani a jadawalin wannan jirgi shi ne na safe, mai tsayawa a ƙananan garuruwa, da kuɗin da mai tallar fura za ta iya biya, wanda zai kai mutum ɗaurin aure a Katsina ya dawo da shi Maraɗi kafin magariba, sannan gwamnatocin Nijar da Najeriya su rubuta a yarjejeniya cewa ko sun saɓa da juna ba za a tsayar da shi a bakin iyaka a Ɗan Isa ba.